Kwantirolar Keken Lantarki Ta Ƙi Aiki Bayan Canza Batir: Yadda Ake Bin Matsalar Daki-Daki

Tambayar nan ta zo mini har na daina ƙirga. Wani batirinsa mai 36V ne ya mutu, ya samo mai 48V ya jona, allon da ke kan hannun keke ya kawo wuta amma taya ta ƙi juyawa. Wani kuma kekensa na 48V ne, ya ari batir mai 36V, keken ya tashi lafiya, yana murɗa totur sai komai ya ɗauke. Na ukun ya fi ba ni tausayi, domin shi ƙara ya ji daga cikin akwatin kwantirola, wato na'urar da take karɓar wuta daga batir ta sarrafa inji, wari ya biyo baya, daga nan shiru. Duk abin da suke son ji ɗaya ne: kwantirolar ta ƙone ne, su sayi sabuwa?

A cikin mutum ukun nan, na ƙarshen ne kaɗai yake da dalilin taɓa aljihunsa yau. Sauran biyun awo suke buƙata. Shi ya sa na jera matakan nan yadda ni kaina nake bin su, daga abin da ba ya cin kuɗi zuwa abin da yake ci. Ka bi su a jere, kada ka tsallake.

Kayan da za ka tanada

Mitar gwajin wuta wadda take auna DC har 200V, sukudireba ƙarami da matsakaici, salatif ɗin wuta, takarda da biro, wayarka don ɗaukar hoton kowane soket kafin ka zare shi, da wani abu da zai ɗaga tayar injin daga ƙasa. Tsakanin mita, kwantirola da batir, mita ita ce mafi araha, batir kuma shi ne mafi tsada, kwantirola tana tsakiya. Wanda ya ƙi sayen mita yakan ƙare da sayen ɗaya daga cikin biyun, wani lokaci duka.

Mataki na 1: Gane ainihin boltejin batirinka

Lambar da aka rubuta a jikin batir suna ne kawai. Batirin litiyom ƙwayoyi ne aka jera a jere, kowace ƙwaya tana kai 4.2V idan ta cika, tana sauka zuwa wajen 3V idan ta ƙare. Don haka batirin da ake kira 48V yakan kai 54.6V da an cire shi daga caji, kuma wannan lambar ce kwantirola take haɗuwa da ita a daƙiƙar farko. Ga lissafin na batirin litiyom da aka fi sani:

- 24V: jeri 7, cikarsa 29.4V
- 36V: jeri 10, cikarsa 42V
- 48V: jeri 13, cikarsa 54.6V
- 52V: jeri 14, cikarsa 58.8V
- 60V: yawanci jeri 16, cikarsa 67.2V
- 72V: jeri 20, cikarsa 84V

Idan batirinka irin litiyom ɗin da ake kira LiFePO4 ne, lissafin ya bambanta, domin ƙwayarsa 3.65V take kaiwa. Mai jeri 16 da ake sayarwa da sunan 48V yana cika a 58.4V. Idan kuma irin baturan dalma ne masu 12V guda huɗu a jere, za ka ga kusan 51V a hutawa, amma suna haura haka sosai lokacin da suke kan caji.

Hanya mafi sauƙi ta gane wane iri ne a hannunka ita ce ka juya cajar batirin ka karanta abin da take fitarwa. Caja mai 42V ta jeri 10 ce, mai 54.6V ta jeri 13 ce. Rubuta wannan lambar a takarda, za mu yi ta komawa gare ta.

Mataki na 2: Auna batir shi kaɗai

Cire batir daga keken, ka caja shi har fitilar caja ta koma kore. Saita mita a DC 200V, baƙin tsinke a ramin COM, jan tsinke a ramin V. Idan batirin yana da makunni, kunna shi. Ɗora tsinkayen a bakin da wuta take fita.

Gargaɗi: kafin ka taɓa batir, kalli inda jan tsinken yake a jikin mita. Idan yana ramin 10A, haɗa bakin batir biyu za ka yi kai tsaye, tartsatsin da zai tashi yana iya narka tsinken ya ƙona maka yatsu. Cire zobe da agogon ƙarfe, kuma kada ka bari tsinkayen biyu su taɓa juna a bakin soket.

Idan abin da ka gani ya yi kusa da lambar da ka rubuta, batir ya cika, wuce gaba. Idan caja ta nuna kore amma batirin litiyom mai 48V ya tsaya a 50V ko 51V, to akwai jerin ƙwayoyi da ya rage a baya, ko kuma cajar ba tasa ba ce. Idan sifili ka gani, ko wata lamba ƙarama mai yawo, duba fis ɗin batir tukuna. Fis yana lafiya? To BMS ne, wato allon kariyar da ke cikin batir, ya rufe ƙofa. Jona caja na ɗan lokaci, sau da yawa hakan yakan buɗe shi.

Batirin da ya kumbura, ko yake zafi ba a kan aiki ba, ko yake fitar da wani wari mai zaƙi-zaƙi, ba a gwaji da shi. Fitar da shi waje, nesa da abin da zai kama wuta, ka bar sauran matakan sai ka sami wani.

Mataki na 3: Kwatanta shi da iyakokin kwantirola

Nan ne gundarin maganar, don haka zan ɗan daɗe a kai. Kowace kwantirola tana da iyaka ta ƙasa da iyaka ta sama. Ta ƙasan an sa ta ne don kare batir: da wuta ta sauka zuwa wannan lambar, kwantirola za ta yanke inji don kada ƙwayoyi su tsotse har su lalace. Yawanci an rubuta ta a takardar da ke manne jikin akwatin. A kwantirolar 36V za ka ga 30V zuwa 31.5V, a ta 48V kuma wajen 39V zuwa 42V. Iyakar sama ita ce ba a cika rubutawa ba, kuma ita ce mai ƙona kaya.

Ɗauki batir mai 36V a kan kwantirolar 48V. Cikarsa 42V, iyakar ƙasan kwantirola 41V ko 42V. A wajenta, batirin da ka gama cajawa yanzu batir ne da ya ƙare. Ko dai ta ƙi tashi gaba ɗaya, ko ta tashi ta ɗauke da zarar ka murɗa totur. Babu abin da ya lalace a nan. Mayar mata da batirinta za ta ci gaba da aiki kamar ba a yi ba.

Akasin haka shi ne mai haɗari. Batir mai 48V a kan kwantirolar 36V yana kawo mata 54.6V. Idan kayan cikinta an yi su ne don su jure 50V, za su iya fashewa nan take, ko su yi 'yan kwanaki suna wahala sannan su tafi. Wasu kwantirolocin suna da kariya, suna ganin wuta ta yi yawa sai su ƙi juya inji, irin abin da ya faru da mutum na farko da na ambata. Wasu kuma za su karɓa su yi aiki, keken ya ƙara gudu, mai shi ya yi murna. Ko da ta jure, akwai matsala ta biyu da mutane ba sa lura da ita. Iyakar ƙasanta 31V ce, idan ka raba wa jeri 13, kowace ƙwaya za ta sauka zuwa kusan 2.4V kafin ta yanke. Ke nan kwantirola ta daina gadin batirin, an bar BMS shi kaɗai, idan shi ma ya gaza to babu sauran mai tsaro.

Batir mai 52V a kan kwantirolar 48V yakan yi aiki, saboda 58.8V bai kai 63V da akasarinsu suke jurewa ba. Amma tazarar kaɗan ce, kuma wasu sukan ƙi tashi sai batirin ya ɗan sauka daga cikarsa. Mai 60V kuwa, 67.2V ya riga ya haye 63V. Kada ka gwada ko na daƙiƙa ɗaya.

Sai kwantiroloci masu lamba biyu, waɗanda aka rubuta 36V/48V a jikinsu. Da yawa cikinsu suna duba wutar da suka gani lokacin kunnawa ne su yanke hukuncin wane batir aka jona. Batirin 48V da ya kusa ƙarewa yana wajen 41V ko 42V, daidai da batirin 36V cikakke. Sai kwantirola ta ruɗe, allo ya nuna maka batir a cike alhali saura ƙiris. Maganin wannan shi ne, duk sanda ka sauya daga wani batir zuwa wani, ka fara jonawa da cikakke.

Mataki na 4: Buɗe kwantirola ka karanta abin da ke ciki

Idan batirinka ya fi abin da aka rubuta a jikin kwantirola, ko kuma ka ji ƙara da wari, wannan matakin ya zama dole.

Gargaɗi: zare batir bai isa ba. Kafasitocin ciki, wato kayan da suke tara wuta, suna riƙe ta bayan an cire shi. Danna makunnin allo ko murɗa makulli don su zubar, sannan ka auna tsakanin babbar jar waya da baƙa, ka jira har mita ta nuna ƙasa da 1V.

Kwance sukurorin murfin gefe biyu, da layin ƙananan sukurori da ke gefen akwatin waɗanda suke matse mosfet, wato ƙananan makunnan da suke ba inji wuta, da bangon alminiyom. Zaro allon cikin kwantirolar a hankali ta ɓangaren wayoyi. Abu na farko da za ka nema shi ne manyan kafasitoci, waɗannan masu kama da ƙananan gwangwanaye a tsaye. A jikinsu an rubuta 50V, 63V, 80V ko 100V. Lambar nan dole ta fi cikar batirinka, kuma da 'yar tazara, domin duk sanda ka saki totur ko ka taka rami wuta takan yi tsalle sama na ɗan ƙiftawar ido.

Kalli kansu sosai. Kafasita mai lafiya kanta a baje yake, da tsagar nan mai kama da giciye a kwance lif. Wadda na taɓa cirowa daga kwantirolar 36V da aka ba 54.6V, kanta ya taso kamar murfin tukunya, tsagar ta buɗe, wani abu ruwan ƙasa mai kama da jiƙaƙƙiyar takarda ya fito ya manne a murfin akwatin. Warinta ya kwana biyu a hannuna. Idan ka ga irin wannan, ka sami amsarka.

Daga nan sai mosfet, waɗannan baƙaƙen masu ƙafa uku da aka jera a gefe, guda 6, 9, 12 ko 18. Karanta lambar jikinsu ka nemi takardar bayaninsu a intanet. Alal misali STP75NF75 yana jure 75V, IRFB4110 kuma 100V. Duk wanda ya fi rauni tsakanin kafasita da mosfet, shi ne iyakar kwantirolar.

Akwai abu na uku da ake mantawa. Ƙwaƙwalwar kwantirola da ƙaramar wuta take aiki, don haka akwai sashen da yake rage wutar batir zuwa wajen 12V ko 15V, sannan zuwa 5V. A masu araha, wani ƙaton rezista ne da ƙaramin kayan rage wuta mai suna LM317 suke wannan aikin, shi kuma LM317 bambancin 40V ne iyakarsa tsakanin abin da ya shiga da abin da ya fita. Batir mai yawan bolteji yakan sa rezistan ya yi zafi har fentinsa ya ƙone, allon da ke ƙarƙashinsa ya yi duhu. Na ga kwantirolar da kafasitocinta 63V suke ƙalau, amma nan wurin ne ya kashe ta.

Lokacin mayarwa, kada ka manta siririyar takardar da ke tsakanin mosfet da bangon alminiyom. Ita take hana su haɗuwa da jikin akwati. Idan ta goce ko ta yage, kwantirola mai lafiya za ta mutu a hannunka da jonawar farko.

Mataki na 5: Allo da saitinsa

Allon da ke kan hannun keke ma yana da boltejin da yake jurewa, an rubuta a bayansa. Duba. A alluna irin S866 da SW900, akwai saitin P03 inda ake zaɓar 24, 36 ko 48. Idan ka sa batir 36V amma P03 yana kan 48, allo zai riƙa nuna batir ya ƙare, wani ma ya hana keken tafiya. Idan ka sa 48V amma saitin yana kan 36, zai nuna cike har ranar da keken zai mutu maka a hanya.

Gargaɗi: canza P03 ba ya ƙara wa kwantirola ƙarfin jure wuta. Ma'aunin allo kawai ka gyara. Kafasita mai 50V tana nan a 50V ɗinta ko me ka zaɓa.

Idan allo ya nuna lambar matsala, nemi ma'anarta a littafin wannan allon takamaimai, domin kowane kamfani da nasa lissafin. A tsarin kamfanin Bafang, 06 ƙarancin wuta ne, 07 kuma wuta ta yi yawa. A S866, 6 ƙarancin wuta ne shi ma, amma 7 matsalar inji yake nufi. Mutum ya karanta jadawalin da ba nasa ba, sai ya yi ta kwance inji a banza.

Ka tuna da fitila, hon, da totur mai ƙananan fitilun nuna batir. Waɗanda suke shan wuta kai tsaye daga batir suna da nasu boltejin. Zare su duka kafin gwajin farko da sabon batir, domin fitilar da ta ƙone ta haɗe ciki tana iya jawo fis ya tsinke ka ɗora wa kwantirola laifi.

Mataki na 6: Auna wuta yayin da keken yake jan nauyi

Wannan matakin na masu cewa "yana tafiya lafiya a shimfiɗaɗɗiyar hanya, da na fara hawan tudu sai ya ɗauke". Kowane batir wutarsa takan ɗan duƙa idan aka ja shi da ƙarfi. Saukar bolt biyu zuwa huɗu abu ne da aka saba gani. Tsohon batir, ko ƙarami da aka ɗora wa babbar kwantirola, yakan duƙa da bolt takwas ko goma, ya taɓa iyakar ƙasa, kwantirola ta yanke, kana sakin totur wutar ta koma sama kamar ba ita ba.

Idan allonka yana nuna bolteji da lambobi, kalle shi yayin hawan tudu. Idan ba ya nunawa, maƙala tsinkayen mita a manyan wayoyin da suka shiga kwantirola, ka naɗe su da salatif sosai, ka ɗaure mitar a kan hannun keke.

Yadda keken ya ɗauke zai gaya maka wanda ya yanke. Idan inji ne ya tsaya amma allo yana kunne, kuma ya dawo da ka saki totur, kwantirola ce ta ga ƙarancin wuta. Idan komai ya mutu har allo, sai ka kashe batir ka kunna ko ka zare ka mayar, to BMS ne. Dalilinsa yawanci biyu ne: ko wani jerin ƙwayoyi ya riga sauran ƙarewa, ko kwantirola tana neman amfiya, wato yawan wutar da ake ja, fiye da abin da BMS ya yarda. Kwantirola mai jan 25A a kan batirin da BMS ɗinsa 15A ne, ko boltejinsu ya dace ɗari bisa ɗari, za su yi ta faɗa a kowane tudu. A wasu allunan ana iya rage iyakar amfiya, wannan gyara ne na kyauta, kuma shi nake fara gwadawa.

Bayan tafiyar, taɓa kowane soket da ke tsakanin batir da kwantirola. Wanda ya yi zafi, ko bakinsa ya yi baƙi, ko robarsa ta fara narkewa, yana cinye wuta a hanya. Mutane da yawa sukan jona sabon batir da tsohon keke ta hanyar murɗe wayoyi da hannu a naɗe da salatif. A yi dalma, ko a sa soket mai kyau irin XT60 ko XT90.

Mataki na 7: Layin 5V, totur da birki

Allo yana kunne, batir ya dace, taya ta ƙi motsi. Fara da birki: zare soket ɗin sensar birki na hannu biyu ka gwada. Sensar da ta maƙale tana gaya wa kwantirola kana kan birki, ita kuma ba za ta ba inji wuta ba.

Sai totur. Wayoyi uku ne yawanci, ja, baƙa, da ta saƙo mai launin kore ko fari. Keke a kunne, taya a sama, auna tsakanin ja da baƙa, ya kamata ka ga tsakanin 4.3V da 5V. Sannan tsakanin baƙa da ta saƙo: kusan 0.8V a hutawa, tana hawa sannu a hankali zuwa wajen 4V yayin da kake murɗawa. Idan 5V yana nan amma saƙon ba ya motsi, totur ne ya mutu, kuma yana cikin kayan da suka fi araha a jikin keken.

Idan babu 5V ɗin kwata-kwata, kada ka yanke hukunci tukuna. Zare totur, sensar feda, da soket ɗin sensar inji ɗaya bayan ɗaya kana kallon mita. Idan 5V ya dawo bayan ka zare wani, shi ne ya haɗe yake janye layin ƙasa. Idan ka zare duka bai dawo ba, duba siririyar wayar makulli, wadda take kai cikakkiyar wutar batir zuwa sashen rage wuta. Wuta tana isa can amma 5V ba ya fita? Sashen da muka gani a mataki na 4 ne ya tafi.

Gargaɗi: wayar makulli ja ce siririya, wayar 5V ta totur ma ja ce siririya. Ɗaya tana ɗauke da 54V, ɗaya 5V. Idan ka haɗa su bisa kuskure, totur da sensocin inji da ƙwaƙwalwar kwantirola za su tafi tare. Auna kowace jar waya kafin ka jona ta, kada launi ya yaudare ka.

Mataki na 8: Mosfet da sensocin inji

Cire batir. Juya tayar inji da hannu, idan injin mai giya ne a ciki ka juya ta baya, domin ta gaba sakin kanta take yi. Idan ka ji tana tirjewa, tana tafiya da ƙyar kamar ana riƙe ta, zare manyan wayoyi uku na inji, rawaya da kore da shuɗiya. Ta saki? Mosfet ya haɗe a cikin kwantirola. Ba ta saki ba? Haɗewar tana cikin inji ko a wayarsa, galibi daidai inda ta fito daga bakin gatari.

Don tabbatarwa, mayar da mita kan alamar dayod. Auna tsakanin kowace daga wayoyi ukun nan na kwantirola da babbar jar waya, sannan da babbar baƙa, awo shida ke nan. Ta fuska ɗaya ta tsinkayen (idan ba ka gani ba, musanya su) za ka ga wajen 0.4V zuwa 0.6V, kuma wayoyin uku su ba da lambobi masu kama da juna. Wadda ta ba da sifili, ko mita ta yi ta kuka ba tsayawa, a nan ɓarnar take. Ɗan gajeren kuka na farko ba komai ba ne, kafasita ce take ɗaukar caji.

Sensocin inji kuwa sai da wuta ake gwada su. Mayar da komai, kunna keke, baƙin tsinke a baƙar wayar soket mai wayoyi biyar, jan tsinke a rawaya, sannan kore, sannan shuɗiya, kana juya taya a hankali. Kowace ta riƙa sauyawa tsakanin kusan sifili da kusan 5V. Wadda ta tsaya wuri ɗaya ta mutu, kuma ita ke sa inji ya riƙa gurnani da karkarwa ba tare da ya juya ba.

Idan ka tabbatar mosfet ya ƙone, duba wayar inji tun daga gatari har soket kafin ka jona sabuwar kwantirola. Wayar da fatarta ta goge za ta kashe sabuwar kamar yadda ta kashe tsohuwar.

Mataki na 9: Idan batir biyu kake son haɗawa

Wannan shi ne wurin da nake roƙon mutane su saurare ni da kyau. Kada ka haɗa batir 48V da 36V ja da ja, baƙi da baƙi, don ƙarin nisan tafiya. Tsakanin 54.6V da 42V akwai bolt 12.6, kuma babu abin da zai tare su sai siririn juriyar wayoyi. Babban zai kwarara cikin ƙaramin da amfiya masu yawa, yana tura ƙwayoyin da iyakarsu 4.2V ce zuwa sama da haka. Kada ka dogara da BMS a nan, domin batir mai bakin caji daban da bakin fitar wuta sau da yawa ba ya iya tare wutar da ta shigo ta bakin fita. Gobarar litiyom kuwa tana da wuyar kashewa.

Hanya mai aminci ita ce amfani da su ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ƙare ka zare ka jona wancan, muddin kwantirolar ta yarda da boltejin kowannensu. Akwai kuma ƙaramin akwatin haɗa batir biyu wanda yake hana wuta komawa daga wannan zuwa wancan. Da shi, babban ne zai fara aiki har ya sauko. Idan kekenka yana mayar da wuta cikin batir lokacin birki, kashe wannan tsarin kafin ka sa akwatin, don wutar ba za ta sami hanyar komawa ba, kwantirola za ta sha ta.

Batir biyu masu jeri ɗaya da sinadari ɗaya ana iya haɗa su, amma a cika su duka, a auna, bambancinsu kada ya wuce 0.2V. Jera batura a jere don tara bolteji kuwa, ni ban yarda da shi ba ga mai BMS na yau da kullum, domin idan ɗaya ya yanke, wutar duka biyun za ta faɗa kansa. Kuma ka manna wa kowace caja takarda da lambarta babba, saboda bakin cajar 54.6V yakan shiga batirin 42V sumul.

Mataki na 10: Yanke shawara da gwajin farko

Yanzu takardarka tana da lambobi: cikar batir, iyakar ƙasan kwantirola, lambar kafasita, amfiyar kwantirola da ta BMS. Idan batir ya yi wa kwantirola ƙasa ko ya yi mata yawa, kuma batirin lafiyayye ne, canza kwantirola ya fi canza batir sauƙi a aljihu. Sayi kwantirola da allonta tare, domin allon wani kamfani ba kasafai yake jin yaren kwantirolar wani ba. Canza kafasita ko mosfet yana yiwuwa ga wanda hannunsa ya saba da dalma, amma a ƙaramar kwantirola mai mosfet 6, sau da yawa ɓarnar ta wuce abin da ido yake gani.

Idan ka hau daga 36V zuwa 48V, ka sani gudun inji zai ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku. A 15A, ƙarfin ya tashi daga wat 540 zuwa 720. Injin yakan jure, amma zai fi zafi, giyoyin roba na ciki za su fi saurin cinyewa, kuma gatari zai fi matsa wa ƙafar firam. Ɗaure notocin gatari da kyau, ka sa ƙarfen da ke hana shi juyawa, ka gyara birki kafin ka fita.

Lokacin jonawar farko za ka ji ɗan tartsatsi a soket. Kafasitoci ne suke cika, ba laifi ba ne, sai dai yana cin bakin soket a hankali, kuma XT90-S an yi shi ne don hana hakan. Kunna keke taya tana sama, murɗa totur kaɗan-kaɗan kana saurare. Sautin ya kasance sumul, babu gurnani. Sannan ka hau ka yi minti biyar a shimfiɗaɗɗiyar hanya a matakin gudu mafi ƙanƙanta, ka tsaya, ka ɗora tafin hannunka a kan kwantirola, inji da soket-soket. Ɗumi ba damuwa. Idan wani wuri ya hana ka riƙe hannu na daƙiƙa biyar, zare batir ka koma mataki na 4 da na 6 kafin ka sake hawa.